Ridda, mulhidanci da ɓatanci: Abin da doka ke hukuntawa da abin da ta bar wa mutum da Ubangijinsa

Ranar 5 ga Afrilun 2022 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa Mubarak Bala hukuncin ɗaurin shekara 24. Labarin da ya zaga kasuwanni da ofisoshin Arewa a lokacin shi ne an ɗaure mutumin da ya ce babu Allah. Masu murna da hukuncin da masu yin tir da shi duk a kan wannan fahimta suka tafi, kuma duk a wuri guda suka yi tuntuɓe. Cikin tuhume-tuhume 18 da ya amsa a gaban Mai Shari'a Farouk Lawan, babu wadda ta ce laifinsa barin Musulunci ne ko musun samuwar Ubangiji. An tuhume shi ne da wallafa kalamai a Facebook waɗanda aka ce sun ci zarafin addini kuma suna iya tayar da hankalin jama'a, a ƙarƙashin sashe na 114 da na 210 na kundin Final Kod.

Bambancin ba na wasa da kalmomi ba ne. Tun a 2014 Mubarak ya bayyana cewa ya bar addini. Danginsa suka kai shi sashen masu taɓin hankali na asibiti a Kano, ya yi kwanaki, aka sallame shi. Shekara shida ya yi bayan haka yana yawonsa, har ya zama shugaban wata ƙungiya ta marasa addini a Najeriya, babu ɗan sandan da ya ce masa kanzil. Sai a ranar 28 ga Afrilun 2020, bayan wasu lauyoyi sun kai koke kan rubuce-rubucensa, aka kama shi a Kaduna aka wuce da shi Kano. A watan Mayun 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ga hukuncin ya yi tsauri, ta mayar da shi shekara biyar, kuma a cikin wannan shekarar aka sake shi.

Abubuwa uku ne ake cuɗawa a baki ɗaya. Akwai mulhidanci, wato mutum ya ƙi yarda da samuwar Mahalicci. Akwai ridda, wato Musulmi ya fita daga addininsa, ko zuwa wani addini ko zuwa babu. Akwai kuma ɓatanci, wato zagi ko wulaƙanta abin da addini ya tsarkake. A wajen mai sayar da albasa a Aliero ko ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma a Maiyama, duk ukun abin ƙyama ne, kuma babu mai ganin laifinsa a kan haka. Amma alƙali ba ya yanke hukunci da ƙyama. Da rubutacciyar doka yake aiki, kuma rubutacciyar dokar Najeriya na ukun kawai ta sani.

Abin da kundin tsarin mulki ya ce

Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin tunani da aƙida da addini, kuma ya ambaci 'yancin sauya addini ko aƙida ƙarara. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa, wanda ke nufin ba a korar ma'aikacin gwamnati daga aiki don abin da ya yi imani da shi ko ya ƙi. Hatta a wajen ba da shaida a kotu, doka ta yarda wanda ba ya son rantsuwa da littafi ya yi alkawarin faɗin gaskiya kawai.

Sashen da ya fi kowanne tasiri a wannan magana kuwa ba a cika ambatonsa ba. Shi ne sashe na 36(12), wanda ya ce ba a hukunta mutum da wani laifi sai an fayyace laifin da hukuncinsa a cikin rubutacciyar doka. Komai ingancin hukunci a littafin fiƙihu, matuƙar majalisar dokoki ba ta zuba shi cikin kundi ba, alƙali ba shi da ikon ɗaure kowa da shi.

Wannan ƙa'ida tana da saiwa a ƙasar Gwandu, masarautar da Jega da Aliero da Maiyama ke cikinta. A 1947 kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum mai suna Tsofo Gubba hukuncin kisa bisa mazhabar Malikiyya saboda ya kashe kwarton matarsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa a dokar Turawa tunzurin da aka yi masa ya sauko da laifin ƙasa da kisan ganganci. Sarakuna da alƙalai suka fusata, aka yi shekaru ana ja-in-ja kan wace doka ce a sama. Daga ƙarshe gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a a 1958 a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, aka fito da Final Kod wanda ya fara aiki a 1960. A cikinsa ne sashe na 210 yake, wanda ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya ci zarafin wani addini a bainar jama'a ta yadda zai iya haddasa rikici. A lura: kowane addini sashen ya ce, Musulunci ko Kiristanci. Kudu ma tana da irinsa, sashe na 204 na nata kundin laifukan.

Da aka dawo da shari'ar Musulunci ta ɓangaren laifuka, Zamfara ta fara a zamanin Ahmed Sani Yariman Bakura, jihohi 11 suka biyo baya. Kebbi ta shiga sahu a ƙarshen shekarar 2000, lokacin Gwamna Muhammad Adamu Aliero. An rubuta haddin sata da na zina da na shan giya da ƙisasi. Ba a rubuta ridda ba. Waɗanda suka tsara kundayen nan malamai ne da lauyoyi da suka san babin ridda sarai a littattafan Malikiyya, saboda haka ba mantuwa suka yi ba. Sun san sashe na 38 zai rushe duk wani tanadi irin wannan a ranar farko da aka ɗaukaka ƙara, sai suka bar shi a waje.

Ɓatanci kuwa an shigar da shi. Sashe na 382(b) na kundin shari'ar Kano na 2000 ya tanadi kisa ga wanda ya zagi Alƙur'ani ko wani Annabi. Da shi aka yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa ranar 10 ga Agustan 2020, kafin Babbar Kotun Jiha ta soke shari'ar a Janairun 2021 saboda an yi ta babu lauya mai kare shi, ta ce a sake. A Disambar 2022 kuma aka yanke wa Sheikh Abduljabbar Nasiru Kabara hukuncin kisa bisa tuhumar ɓatanci. Abin lura shi ne babu mulhidi cikin mutanen nan biyu. Dukansu suna kiran kansu Musulmi masu ƙaunar Annabi (SAW). Kuma dokokin laifuka na jihohi ne: abin da majalisar Kano ta rubuta ba shi ne alƙalin Jega zai buɗe ba, kundin Kebbi zai buɗe. Tun daga 2000 zuwa yau babu wanda hukuma ta zartar wa da hukuncin kisa a kan ɓatanci a Najeriya, domin hanyar tana da tsawo, tana bi ta kotunan ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ƙoli, sannan sai gwamna ya sa hannu.

Inda ridda ke da nauyin gaske a kotunan Arewa shi ne gida da dukiya. Kotunan shari'ar Musulunci suna da hurumi a kan aure da gado da riƙon 'ya'ya na Musulmi, kuma a fiƙihun Malikiyya ridda tana warware aure, kuma wanda ya fita ba ya gadon Musulmi. Ɗan kasuwar da ya bar shaguna da gonaki, ɗaya cikin 'ya'yansa kuma ya bar addini, nan ne maganar za ta taso, a wajen rabon gado. Ba ɗauri ba ne, amma ga mai iyali yana iya fin ɗauri ciwo.

Gimbana, Kware, Jega

Mutanen Jega ba baƙi ba ne ga kalmar ridda, domin da ita tarihin garinsu ya fara.

Malam Abdussalami, malami Bahaushe daga cikin Arawa, yana cikin manyan almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Da Gobirawa suka matsa wa jama'ar Shehu, sai ya ƙaura da mutanensa zuwa Gimbana, a yankin Jega na yau. Harin da dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka kai wa Gimbana, suka kwashi mutanensa a matsayin bayi, shi ne ya kunna wutar da ta kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Ke nan a kan jama'arsa aka fara zubar da jini a jihadin.

Bayan nasara aka raba ƙasa, abin da ya samu shi ne yankin Sabiyal, wanda ke ƙaramar hukumar Aliero a yanzu. Ya ga rabon bai kai matsayinsa ba. Daga baya aka mayar da shi Kware, kusa da Sakkwato. Da Shehu ya rasu a Afrilun 1817, saɓani ya fito fili tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abdussalami ya rubuta wasiƙu yana kukan zalunci da karkacewar masu mulki daga manufar jihadi. Bello ya amsa masa, kuma ya tattara labarin rikicin da wasiƙun a littafinsa Sardul Kalami. Hujjar Bello ita ce Abdussalami ya haɗa kai da maƙiyan daula, yana ba su mafaka, yana taimakon su a kan Musulmi, kuma wannan jiɓinta ridda ce. Aka yaƙi Kware, aka ci garin, Abdussalami ya tsere da rauni, ya rasu a Bakura a farkon 1818.

Babu wanda ya ce Abdussalami ya daina salla ko ya musanta Allah. Maganar mubaya'a ce da yaƙi, da tambayar gefen da mutum ya tsaya ranar da aka ja daga. Kuma mas'alar da aka kafa hukuncin a kanta, wato ko taimakon kafirai a kan Musulmi kafirci ne ko saɓo, manyan jihadin kansu ba su haɗu a kanta ba. Shehu ya bi ra'ayin Al-Magili mai tsanani, ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya yi taka-tsantsan, yana ganin sai an duba abin da mutum ya nufa da taimakon. Wa da ƙane suka yi ta musayar hujjoji a rubuce, babu wanda ya kafirta wani.

Ragowar mutanen Abdussalami suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, aka sake gwabzawa, har Bello ya zo ya taimaki baffansa Abdullahi. Amma ƙarshen labarin sulhu ne. Buhari ɗan Abdussalami ya miƙa wuya ga Gwandu, aka ba shi izini ya kafa gari a shekarun 1820. Garin shi ne Jega, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa, kuma Gimbanawa ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega. Ɗan mutumin da aka yanke wa hukuncin ridda ya zama hakimi a daular da ta yanke hukuncin, cikin shekarun da ba su kai a haifi yaro ya balaga ba. Da hukuncin na aƙida ne zalla, da wuya siyasa ta iya ɗinke shi da sauri haka.

Fiƙihu da sharuɗɗansa

Ba gaskiya ba ne a ce littattafan fiƙihu ba su tanadi kisa ga mai ridda ba. Mazhabobi huɗu sun tafi a kan haka game da namiji baligi mai hankali da ba a tilasta masa ba, sai dai Hanafiyya sun ce mace tsare ta ake yi. Duk wanda ya karanta Risala ko Muhtasar a zaure ya san Malikiyya sun ce a nemi tubansa kwana uku, kuma ba a horar da shi da yunwa ko ƙishirwa a cikinsu. Game da zagin Annabi (SAW) kuwa, Alƙali Iyal ya faɗaɗa magana a ƙarshen littafin Ashafa, kuma matsayin Malikiyya a nan ya fi tsanani.

Sai dai littattafan da suka faɗi hukuncin su ne suka kewaye shi da katanga. Sai an tabbatar a gaban alƙali, da shaidu adilai da suka fayyace ainihin abin da aka faɗa, an kore shubuha da hauka da kuskuren harshe. Zartarwa kuma haƙƙin shugaba ne shi kaɗai; wanda ya riga shi ya yi shisshigi, kuma shi ma abin ladabtarwa ne. Abin da ke cikin zuciya kuwa ba a tona shi. Munafukan Madina sanannu ne, ba a kashe su ba, kuma Annabi (SAW) ya yi wa Usama bin Zaid faɗa mai tsanani a kan kashe mutumin da ya furta shahada a fagen fama, duk da uzurin Usama cewa tsoro ne ya sa shi furtawa.

Tun a ƙarnonin farko an ruwaito daga Ibrahim An-Nakha'i da Sufyan As-Sauri cewa neman tuba ake ci gaba da yi. A zamanin nan Shaihin Azhar Mahmud Shaltut da Taha Jabir Al-Alwani sun yi tambaya ko hukuncin na sauya aƙida ne ko na cin amanar al'umma a lokacin yaƙi, suna kafa hujja da aya ta 256 a Suratul Baƙara wadda ta kore tilas a addini. Mafi yawan malaman Arewa ba su karɓi wannan ra'ayi ba, amma saɓanin na cikin gida ne, ba daga Turai aka yo aronsa ba.

Sauran ƙasashen Musulmi

Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta ƙirga cewa a 2019 ƙasashe da yankuna 79 cikin 198 na da dokar hana ɓatanci, amma 22 kacal ke da dokar hukunta ridda. Ke nan mafi yawan ƙasashen Musulmi ba su da ita. Sanagal da Mali da Turkiyya da Albaniya ba sa kai mutum kotu don ya bar addini.

A Saudiyya alƙalai na iya yanke kisa bisa fiƙihu, kuma a 2014 hukuma ta sanya yaɗa tunanin mulhidanci cikin jerin ayyukan ta'addanci. Iran ba ta rubuta ridda a kundin laifukanta ba, amma tsarin mulkinta ya bar wa alƙali ƙofar komawa ga fatawa inda doka ta yi shiru, ƙofar da sashe na 36(12) ya rufe a Najeriya. Muritaniya ta ƙara tsaurara sashe na 306 na kundinta a 2018. A Indunusiya wani ma'aikacin gwamnati, Alexander Aan, an yanke masa hukuncin ɗaurin shekara biyu da rabi a 2012, shi ma a kan abin da ya rubuta a Facebook. A Masar ba a ɗaure Farfesa Nasr Hamid Abu Zaid ba. Kotu ta raba aurensa ne a 1995 bisa hukuncin ridda, shi da matarsa suka bar ƙasar.

Sudan, wadda Arewa ta ɗauko samfurin Final Kod daga gare ta, ita ce ta fi ba da abin tunani. Ranar 18 ga Janairun 1985 gwamnatin Ja'afar Numeiri ta rataye Mahmud Muhammad Taha, dattijo mai shekara 76, da sunan ridda, makonni kaɗan bayan ya raba takardar sukar dokokin shugaban. Wata uku ba su cika ba aka kifar da Numeiri, kuma a 1986 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce shari'ar ba ta inganta ba. A Yulin 2020 Sudan ta soke laifin ridda daga kundinta.

Pakistan kuma ita ce madubin da ya fi kama da Arewa. Ba ta da dokar ridda, tana da ta ɓatanci mai hukuncin kisa tun 1986. Hukuma ba ta taɓa rataye kowa da ita ba, amma gomman mutane sun mutu a hannun gungun jama'a ko 'yan bindiga kafin alƙali ya buɗe baki, har da Gwamnan Punjab Salman Taseer a 2011, wanda mai tsaron lafiyarsa ya harbe.

Hukuncin titi

A nan ma haka lissafin yake. Kotu ba ta kashe kowa ba, titi ya kashe. Ranar 12 ga Mayun 2022 ɗalibai suka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, suka ƙona gawarta. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, ta nemi a hukunta waɗanda suka yi. Mutum biyu aka gurfanar, bisa tuhumar haɗa baki da tayar da hankalin jama'a, ba kisan kai ba, kuma daga baya kotu ta sallame su saboda masu gabatar da ƙara ba su bi shari'ar ba. A Yunin 2023 aka kashe Usman Buda, mahauci Musulmi, a mayankar Sakkwato bisa wata magana da aka ce ya yi. Babu alƙali, babu shaidu adilai, babu kwana uku, babu ko minti uku. Abin da aka yi ya saɓa wa kundin tsarin mulki, ya saɓa wa Final Kod, ya kuma saɓa wa Muhtasar ɗin da ake cewa ana karewa.

Masu kare dokar ɓatanci suna cewa ita ce ke hana jama'a ɗaukar doka a hannu, domin idan mutane sun san kotu za ta yi aiki za su miƙa wanda ake zargi. Masu suka suna cewa dokar ce ke koya wa jama'a cewa wanda aka nuna da yatsa jininsa ya halatta. Kowanne na da abin kamawa, amma abin da ya faru a Sakkwato ya nuna gibi na uku da ya fi su girma: wanda ya yi kisa da sunan addini ya fi wanda ya yi rubutu a waya samun sauƙin fita daga hannun hukuma. A gari mai jami'a kamar Aliero, inda ɗalibai daga jihohi da addinai daban-daban ke cikin zauren WhatsApp guda, ko kasuwa kamar ta Jega inda gaba ta ciniki ke iya sanya rigar addini, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Zargi ba ya buƙatar hujja kafin ya tara mutane.

Ranar 9 ga Afrilun 2025 Kotun ECOWAS ta yanke cewa sashe na 210 na Final Kod ɗin Kano da sashe na 382(b) na kundin shari'arta sun saɓa wa yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan Adam da Najeriya ta sanya wa hannu, ta ce na farkon bai fayyace abin da ake nufi da cin zarafi ba, na biyun kuma hukuncinsa ya wuce kima. Gwamnatin Kano ta ce ba za ta janye dokokinta ba, kuma kotun ba ta da 'yan sandan da za su tilasta mata. Wadda ke da wannan iko ita ce Kotun Ƙolin Najeriya, inda lauyoyin Yahaya Sharif-Aminu suka kai ƙara suna neman a ce sashe na 382(b) ya ci karo da kundin tsarin mulki. Gwamnatin Kano na dogaro da sashe na 45, wanda ya yarda a taƙaita 'yanci don kare zaman lafiya da tarbiyyar jama'a. Duk abin da alƙalan Abuja suka yanke a kan wannan ƙara zai hau kan kowace kotu a ƙasar nan, har da waɗanda ke zama a Jega da Aliero da Maiyama.